Karanta wa 'yan aji ɗaya labari, ɓata lokaci ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ina koyar da 'yan aji ɗaya na firamare, ina kuma ƙaro karatu a kwalejin horar da malamai. A wannan zangon an sa mana darasin adabin yara, ni kuwa ban ga inda zai yi mini amfani ba. Yarana ko baƙi da wasali ba su gama ganewa ba, wane littafi za su karanta? Na gwada karanta musu labari, sai aji ya kaure da hayaniya, wannan ya miƙe, waccan ta ɓingire da barci. Hedimasta ma ya ce in bar wasa in koma kan allo. Wace shawara za ki ba ni?

Wata malamar firamare

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ajiye labarin nan, kada kuma ki raina wannan darasi.

Karatu ƙafa biyu gare shi: iya haɗa baƙi, da fahimtar abin da aka haɗa. Tun 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana shi haka, suka ce idan ɗaya ya yi rauni karatun gaba ɗaya ya yi rauni. Allo yana koya wa yaro haɗa baƙi. Fahimta kuwa ta kunne take shiga, tun yaro bai san harafi ko ɗaya ba. Yaron da ke jin labari kullum yana tara kalmomin da ba ya ji a hirar yau da gobe, yana sabawa da doguwar jimla, yana gane cewa wani abu ne ya jawo wani. Wanda aka hana shi wannan za ki same shi a aji huɗu yana karanta shafi tiryan-tiryan, ki tambaye shi me ya karanta ya yi zuru. Na koyar da irinsu da yawa, kuma abin yana ci mini rai har yanzu.

Batun hayaniya kuwa, ina zaton a tsaye kika karanta, littafi na fuskantarki, su kuma suna can kan benci suna kallon bangonsa. Ki tattaro su su zauna kusa da ke. Ki juya littafin ya dube su. Kafin ki karanta komai, nuna musu hoton bango ki ce, "Me kuke gani?" Wani zai ce, "Akuya!" Sai ki karɓa ki ƙara masa: "Ƙwarai, akuya ce ta maƙale a shinge. Me kuke jin ya kai ta can?" Ki bar su su yi ta hasashe. Idan kin zo inda labari ya ɗau zafi, ki riƙe shafin kada ki buɗe, ki tambaye su abin da zai faru. A nan za ki ga wanda ke tsalle ɗazu ya matso yana leƙe. Wani masani mai suna Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun gwada irin wannan karatu na hira a Amurka a 1988, inda iyaye suka riƙa yin sa da ƙananan 'ya'yansu, aka ga bakin yaran ya ƙara buɗewa fiye da na waɗanda aka karanta wa kawai. Minti goma ya isa. Gobe ki sake karanta wannan labarin dai. Yara ba sa gajiya da maimaici, a karo na uku ma su za su riƙa riga ki faɗin amshin.

Darasin da kike rainawa shi zai koya miki zaɓe. Duk littafin da za ki kai aji, ki fara karanta shi da ƙarfi ke kaɗai. Inda harshenki ya sarƙe, nan hankalinsu zai gudu. Nemi mai amshi da ke dawowa, mai hoton da ke faɗin wani abin da rubutun bai faɗa ba, mai yaro ko dabbar da ke cikin wata matsala ta gaske. Littafin da daga shafin farko wa'azi yake yi, ajiye shi. Kuma don Allah, da kin gama, kada ki ce, "Wane darasi muka koya?" Wannan tambayar tana mai da labari jarrabawa. Tambaye su wa ya fi burge su, ko me za su yi da su ne akuyar.

Idan littattafai ne babu, African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu hotuna kyauta a intanet, har da na Hausa, ana iya saukewa a buga. Tatsuniyar da kika sani da ka ma adabi ce. Ko kuma yara su ba ki labari da bakinsu, ki rubuta da manyan haruffa a kan kwali, su zana hotunan.

Shi kuma hedimasta, kada ki yi jayayya da shi. Gayyato shi ya zauna ranar da za ki karanta. Da an rufe littafi, ki je allo ki rubuta "akuya", ku furta ta gaɓa-gaɓa, ki ce su nemo wata kalmar cikin labarin mai farawa da sautin "a". Su kwafa a littafinsu, kowa ya zana tasa akuyar a ƙasa. Bayan mako biyu ki rubuto mini yadda kuka ƙare da shi.