Tambayoyinku: Kwana a kan dutse cikin dusar ƙanƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Glasgow, wannan ne sanyina na farko a ƙasar nan. Abokan karatuna sun gayyace ni zuwa duwatsun Cairngorms a farkon Janairu, wai za mu goya jakunkuna mu taka a ƙafa mu kwana biyu a tanti. Na riga na ce musu to, amma wallahi gabana faɗuwa yake. Ina da ƙatuwar jaket da wandunan jins da rigunan sanyi da na taho da su daga Kano, sun isa? Me zan ci a can, kuma ya zan yi da alwala? A taimaka dan Allah.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Faɗuwar gaban nan taka ita ce abu mafi amfani da ka mallaka a yanzu, kar ka yar da ita. Duwatsun Sikotland ba su da wani tsawo na a zo a gani, Ben Nevis da ya fi kowanne tsawo a Birtaniya mita 1345 ne kacal, shi ya sa baƙi ke raina su. Amma a kan Cairn Gorm ɗin da za ku dosa aka taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa a watan Maris na 1986, kuma a Nuwamban 1971 yara 'yan makaranta biyar daga Edinburgh da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu sun rasu a saman wannan tudun, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su suka kasa gano bukkar da suke nema. Toh ka ga ba wurin wasa ba ne.

Abin da nake so ka fara cusawa a kai shi ne ba sanyin kansa ne ya fi kashe mutum ba, jiƙa ce. Mu mun saba da hunturu, busasshen sanyi, ka jibga riga kan riga ka naɗa rawani shikenan. Can kuwa kana hawa da jaka mai nauyi a baya sai gumi ya keto maka ko da ana ƙanƙara, auduga ta shanye gumin ta riƙe shi ta ƙi bushewa, kana tsayawa hutawa iska ta buga wannan jiƙaƙƙiyar rigar sai ta riƙa zuƙe zafin jikinka kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Saboda haka jins da singileti da duk wata rigar auduga ka bar su a ɗaki, har safa da gajeren wando. Wanda zai taɓa fatarka ya zama na ulu ko na poliyesta, a kai ka ɗora mai laushin nan da suke kira filis, sannan a waje jaket da wando marasa shan ruwa masu tare iska. Ƙatuwar jaket ɗinka kuma ba ta tafiya ba ce, ta tsayuwa ce, tana saman jaka, kuna tsayawa ka zura ta tun kafin ka ji sanyi, za ku tashi ka cire. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi-sanyi, minti goma jiki zai ɗauki zafi da kansa. Safar hannu biyu ko uku, don ɗaya za ta jiƙe ɗaya kuma iska na iya fizge ta. Safar ƙafa guda ka ɗaure ta a leda ta barci ce kawai, komai wuya ba a taɓa ta da rana.

Maganar kwanciya nan ne mutane ke asarar kuɗi. Jakar barci za ka ga an rubuta mata lambobi uku na sanyin da take ɗauka, ka duba na farkon, wanda ke nuna inda za ka yi barci cikin daɗi, na ƙarshen nan ma'anarsa kawai wataƙila ba za ka mutu ba, ba wai za ka runtsa ba. Kuma komai tsadar jakar in shimfiɗar ƙasa ba ta da kirki aikin banza ne, don ƙasa ta fi iska saurin jan zafin jiki. Shimfiɗun suna da lambar R mai nuna ƙarfinsu na tare sanyin ƙasa, na lokacin ƙanƙara ka nemi 4 zuwa 5 ko sama, in babu kuɗi ka haɗa ta soso da ta hurawa, lambobin haɗuwa suke. Ba dole ka saya ba ma, ka tambayi ƙungiyar masu hawan dutse ta jami'arku ko shagunan Aviemore, garin da ke gindin duwatsun, ana bada hayar wasu kayan, musamman takalmin dutse mai tauri da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura masa a ƙasa da gatarin ƙanƙara. Amma fa riƙe gatarin ba tare da ka iya tsayar da kanka da shi in ka zame ba ado ne kawai. Akwai cibiyar horo ta Glenmore Lodge kusa da Aviemore da ke koyar da wannan, ni da zan ba ka shawara da ka fara da wuni guda tare da ƙwararre kafin zancen kwana biyu.

Abinci kuwa ka ci kamar ba gobe. Mai tafiya da kaya cikin sanyi yana iya ƙona kalori 4000 zuwa 5000 a rana, kuma mai ya fi komai riba wajen ɗauka, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na gari ko sukari 4. Nan kayanmu suka yi fice: gyaɗa soyayya, dabino, dakuwa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da za ka jiƙa da ruwan ɗumi da madarar gari da sukari. Ƙara da man gyaɗa na shafawa a burodi, cuku, bota, Indomie ko kuskus don su ruwan zafi kawai suke so. Sai dai kar ka sa a aiko maka da kilishi ko dambun nama daga gida, dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi. Ka yi damben ka a nan da naman halal. Abincin leda na masu hawan dutse kuma ka karanta bayansa da kyau, wasu da naman alade, alewoyi da yawa kuma da jelatin, sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi har da alade. Duk abin da za ka ci da rana ka yanka shi ƙanana ka zuba a aljihun ciki, cakulan da ya daskare sai ya nemi karya maka haƙori, kuma babu mai son cire safar hannu yana fama da leda a cikin iska. In wani ya miƙo maka giya wai tana ɗumama jiki, bayan haramcinta ma ƙarya ce, buɗe jijiyoyin fata take yi zafi ya fice.

Risho ma akwai magana. Gas ɗin butane zalla yana daina tashi da zarar sanyi ya kai wajen sifili, ka nemi gwangwanin da aka gauraya da isobutane da propane, ka kwana da shi cikin jakar barci tare da waya da fawa bank da batiran tocila, duk sanyi na kashe su. Kada ku kuskura ku dafa abinci cikin rufaffen tanti, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa yana kashe mutum yana barci. In za ka narkar da dusar ƙanƙara ka fara zuba ɗan ruwa a gindin tukunya in ba haka ba tukunyar ce za ta ƙone, gorar ruwa kuma ka kifa ta, ruwa daga sama yake fara daskarewa, sai bakin ya tsira. Ka riƙa sha ko ba ka jin ƙishi.

Batun sallah Allah ya sauƙaƙa mana. Tafiyarku ta kai ta ƙasaru, kuma a farkon Janairu rana sai wajen ƙarfe 9 take fitowa ta faɗi kafin 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk a cunkushe suke, don haka ka yi alwala ɗaya da ruwan ɗumi ka yi ta lallaɓa ta, ka share jiki ya bushe tas kafin ka fita iska. In kana tsoron ruwa zai cutar da kai akwai taimama, sahabi Amru bin Asi ya yi ta a wani dare mai tsananin sanyi Annabi (SAW) bai hana shi ba. Sharuɗɗan shafa a kan huffi da haɗa salloli ka zauna da malaminku na masallaci ya warware maka kafin tafiya.

Ku riƙa lura da juna. Wanda ya fara karkarwa, magana na sarƙe masa, yana tuntuɓe ko ya kasa jan zif, zafin jikinsa ne ke sauka ƙasa da digiri 35, a tsaya nan take a canja masa busassun kaya a ba shi abu mai ɗumi da zaƙi. Yatsan da ya yi fari ya mutu kar a murza shi kar a kanga a wuta, a cusa a hammata. Kafin ku fita ku duba hasashen yanayin duwatsu na MWIS da rahoton zaftarewar dusar ƙanƙara na SAIS, ku bar wa wani hanyar da za ku bi da lokacin dawowa, ku ɗauki taswirar takarda da kamfas don waya ba abin dogaro ba ce a can. In abu ya ɓaci a kira 999 a nemi 'yan sanda sannan a ce masu ceto a dutse ake so. Kuma ka tambayi abokan nan naka kai tsaye, waye cikinsu ya taɓa kwana a can da sanyi kuma ya iya kamfas cikin hazo? In kowa ya hau kallon ɗan uwansa, ku kama ɗaki a Aviemore ku riƙa fita da safe kuna zaga dajin Glenmore da bakin tafkin Morlich kuna dawowa kafin magariba.