A Gwada Farcen Kafin A Sayi Magani

Tambaya: Assalamu alaikum. Farcen babban yatsan ƙafata ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa. Mai kemis ya ce fangas ne, in sayi ƙwaya ta wata uku. 'Yata kuma ta ce in fara yin gwaji. Kuɗin a lissafe suke, wanne zan fara? Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. 'Yarki ce da gaskiya. Kusan rabin faratan da suka lalace haka ne kawai fangas ya ci, wato dangin ƙwayar cutar da ke kawo makero. Sauran kuwa tuntuɓe ne, ko matsin takalmi, ko wani ciwon fata, kuma ko likitan fata kan ruɗe in da ido kaɗai ya duba.

Gwajin ba ya da zafi. Za a goge yatsan da sifirit, a yanki gefen farcen, a kankaro garin nan da ke ƙarƙashinsa. Nan ne aikin yake: a kankaro can ciki, kusa da inda farcen ke da lafiya, don a bakin farce yawanci ƙwayar cutar ta riga ta mutu. Sai a ɗiga wa abin da aka kankaro wani sinadari mai suna KOH ya narkar da farcen, a duba da madubin likita. In akwai fangas, za a gan shi kamar zarurruka, sau da yawa a ranar ma. In ana son sanin irinsa, sai a shuka shi a ɗakin gwaji, wato a bar shi ya tsiro, a jira mako 2 zuwa 4. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina, likita ya duba ya rubuta miki.

Kafin ki je, ki dakata da lalle a yatsan, ki kuma faɗa wa likita duk abin da kika shafa ko kika sha, don magani na ɓoye ƙwayar cutar.

Abin da ya sa nake matsa miki: ƙwayar terbinafine, wato maganin fangas, mako 12 ake shan ta don farcen ƙafa, mako 6 don na hannu, kuma takan taɓa hanta, shi ya sa ake auna jini tukuna. Raina na ɓaci in ga mace ta ƙarar da kuɗin adashinta a kan cutar da ba ta da ita. In kina da ciwon suga kuwa, kada ki bari mai yankan farce ya kai aska wurin.

Tambaya: An yi min gwaji ba a ga komai ba, amma farcen na nan yadda yake. Daga wani magidanci, Daura.

Amsa: Malam, hakan na faruwa, musamman in abin da aka kankaro ya yi kaɗan. Ka nemi a sake. In an tabbatar fangas ne, ka kuma sha magani, kada ka zaci ya ƙi ci don tsohon farcen bai gyaru ba. Sabo ne zai tofo daga tushe ya ture shi, na ƙafa kuma yakan kai wata 12 zuwa 18. Amma in baƙin layi ne ya bi tsawon farcen yana faɗaɗa, ka ga likitan fata cikin makon nan.