Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Agogo, Na Asali Ne Ko Haɗin Gambiza?

Tambayoyin wannan mako duk a kan tsofaffin agogunan hannu suke, irin masu inji da ake wanawa da yatsa ko masu wana kansu da motsin hannu. Zan fara da wadda masu irinta suka fi yawa.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Assalamu alaikum. Ina sha'awar tsohon agogo irin na iyayenmu. Na ga wani yana tallar Seiko 5 a Instagram, ya ce na shekarun 1970 ne. Fuskarsa ruwan lemo ce, tana ƙyalli kamar yau aka ƙera shi, kuma kuɗinsa bai kai na takalmi ba. In saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Da ka zaɓi Seiko 5 ka yi dabara, domin ba ni da agogon da zan nuna wa mai farawa da ya fi shi. Tun 1963 kamfanin Seiko na Japan ya fara fitar da shi, an ƙera shi da yawan gaske, injinsa na jure wahala, kuma da wuya ka sami tsohon mai gyaran agogo a ƙasar Hausa da bai taɓa kwance shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke gidajenmu tsarabar Makka ce, shi ya sa za ka ga wasu suna nuna ranakun mako da rubutun Larabci. Amma wannan da ka kwatanta min bai kwanta min a rai ba. Agogon da ya shekara hamsin a duniya ba ya zama fes kamar amarya. Dole a ga ɗan dusashewa a fuska, ɗan ƙarzuwa a jiki, sarƙar ta ɗan saki.

Abin da ke cin masu farawa a wannan harka ba jabu tsantsa ba ne, haɗin gambiza ne. A ɗauko jikin wannan agogo, injin wancan, hannayen wani daban, a yi wa fuskar sabon fenti mai ɗaukar ido, a buga sunan kamfani a kai. Kowane ɓangare kana iya samunsa na Seiko ne, amma Seiko ba su taɓa ƙera agogo mai wannan kama ba. Irin waɗannan sun cika kasuwannin intanet, da yawansu daga Indiya ake turo su, kuma alamarsu ita ce wadda ka faɗa da bakinka: launi mai haske fiye da kima da araha mai ban mamaki.

Ga yadda za ka gane. Ka ce ya turo maka hoton murfin baya, mai fitowa sosai. Akwai lambobi iri biyu a wurin. Ta farko kashi biyu ce da ɗan layi a tsakaninsu: huɗun farko sunan injin ne, kamar 6309 ko 7009 ko 7S26, huɗun ƙarshe kuma samfurin jikin. Wannan lambar inji ana sake rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan fuskar agogo, kusa da ƙarfe shida, sannan tana nan a jikin injin kansa idan an buɗe. Wurare ukun nan dole bakinsu ya zo ɗaya. In murfi ya ce 6309, fuska ta ce 7009, magana ta ƙare.

Lamba ta biyu mai guda shida ce, kuma ita ke faɗin ranar haihuwar agogo. Ta farkonta lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma wata: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sai O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Lambar ba ta nuna wane goman shekaru ba ne, injin ne ke warware wannan. Inji 6309 an yi shi ne daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshen na 1980, saboda haka agogo mai 6309 da lambarsa ta fara da 2D na Disamban 1982 ne. Shi kuwa 7S26 sai a 1996 ya fito. Duk wanda ya ce maka agogo mai 7S26 na shekarun 1970 ne, ko bai sani ba, ko yana so kai ka ƙi sani.

Kada ka yarda da hoton fuska kaɗai. Ka nemi hoton injin a buɗe, ka duba ko akwai tsatsa ko alamar ruwa ya taɓa shiga. Mai gaskiya ba ya jin nauyin buɗe murfi. Idan ya fara kwana-kwana, ka bar masa kayansa, domin tura kuɗi a kan hoto ɗaya cinikin biri a sama ne. Ni kaina na taɓa sayen irin wannan a hannun wani mai talla a farkon shigata harkar, sai da mai gyara ya buɗe muka tarar an manne fuskar da gam saboda ƙafafunta ba su dace da injin ba. Kuɗin ba su da yawa, amma abin ya daɗe yana yi min ciwo. Shawarata, kafin ka je intanet, ka fara tambayar dattawan gidanku ko akwai wanda aka jefa a durowa, sannan ka zaga wurin masu gyaran agogo na bakin kasuwa. A nan za ka riƙe abu a hannunka, a buɗe maka a gabanka. Kuma in ka ga murza maɓallin da ake wana agogo da shi bai tayar da Seiko 5 ba, ba lalacewa ba ce: waɗannan injuna uku da na ambata ba a wana su da yatsa, girgiza su ake yi a hankali su tashi.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce: "Dillali ya kawo min tsohon Rolex, ya ce mai shi matsuwa ce ta same shi, yana neman kuɗi yau-yau. Akwai kwalinsa da takardunsa, kuma hannun daƙiƙa yana tafiya sumul, ba ya tsalle. An ce wannan ce alamar na gaske."

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wannan alama ta daɗe da mutuwa. Agogo mai inji, na gaske ko na jabu, galibi hannun daƙiƙarsa na motsawa sau biyar zuwa takwas a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ke ganinsa kamar yana sulalewa. Masu yin jabu tuni suka koma saka inji mai wana kansa. Ta ɗaya gefen kuma, Rolex da kansu sun fitar da mai batir da ake kira Oysterquartz daga 1977, wanda ke tsalle daƙiƙa bayan daƙiƙa. Kwali da takarda kuwa sun fi agogo sauƙin ƙirƙira, har ana sayar da su daban.

A tsofaffin Rolex, sai an cire sarƙa ake ganin lambobin: lambar samfuri tana tsakanin ƙahonni biyu masu riƙe sarƙa na wajen ƙarfe goma sha biyu, lambar agogon kansa tana wajen ƙarfe shida. Zanen ya kamata ya zama mai zurfi da tsafta, ba kamar an yi shi da yashi ba. Ɗan kumburin gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi. Murfin baya kuma na ƙarfe ne, ba gilashi ba, kuma sai da mabuɗi na musamman ake kwance shi. Duk da haka, ba zan ɓoye maka ba, jabun zamanin nan yana iya tsallake waɗannan duka.

Don ka san zurfin ruwan: a watan Nuwamba na 2021, a wani babban gwanjo a birnin Janiba, an sayar da agogon Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a kan kuɗin Suwizalan sama da faran miliyan 3, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce ashe harhaɗa agogon aka yi da sassan wasu agoguna daban-daban. In haka ta faru a tsakiyar masana, to mu da ke duba agogo a tsaye a bakin shago sai mu ƙara taka-tsantsan. Tsohon Rolex na ƙarfe, ko mafi sauƙin cikinsu, dubban daloli yake yi a kasuwannin duniya. Wanda ya zo maka da shi a kan kaɗan daga wannan, da gaggawa, ko jabu ne ko na sata, kuma na biyun ya fi na farkon sharri. Ka ce a kawo mai agogon, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a je tare wurin ƙwararren da kai ka zaɓa ya buɗe injin. Idan "yau-yau" ɗin ba za ta iya jiran wannan ba, ka bar ta ta wuce.

Wata baiwar Allah daga Katsina ta rubuto: "Mahaifinmu ya rasu ya bar agogon Rado mai ruwan zinariya da ya sayo a aikin Hajji tun kafin a haife ni. Ya tsaya. Mai gyara ya ce gara a cire injin a saka mai batir, a canza fuskar da ta dusashe, a goge jikin ya koma sabo. Me ka gani?"

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Hajiya, don Allah kada ki yarda da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Wannan tambaya ta fi sauran taɓa min zuciya, domin agogon da ke hannunki shi ne abin da masu tambaya biyu na sama suke nema da kuɗinsu: agogon da aka san asalinsa, aka san hannun da ya ɗaura shi. Ranar da aka cire masa inji aka saka na batir, ke da kanki kin mayar da shi haɗin gambiza. Darajarsa ta kuɗi za ta zube, kuma injin da aka cire ba kasafai yake dawowa hannun mai shi ba.

Mafi yawan agogunan da suka tsaya bayan doguwar ajiya ba mutuwa suka yi ba, man da ke cikinsu ne ya bushe ya daskare. Abin da yake buƙata shi ne a kwance injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa sabon mai, a canza robobin da ke hana ruwa shiga. Rado na wancan zamani injunan Suwizalan ne a cikinsu, irin waɗanda aka yi da yawa, saboda haka ana samun kayan gyaransu. Ki nemi dattijon mai gyara wanda ya koyi aiki tun kafin agogon batir ya cika gari, ki tambaye shi kai tsaye ko yana kwance inji ko kuwa tsoma shi yake yi cikin fetur ya girgiza. Kafin ki bar masa, ki ɗauki hoton fuska, murfi da inji a gabansa, ki kuma ce duk abin da ya cire ya mayar miki. Kada a yi ta girgiza agogon ana tilasta masa tafiya kafin a yi wannan aiki, domin inji marar mai cin kansa yake yi.

Dusashewar fuska kuwa shaidar shekaru ce, masu neman tsohon agogo sun fi son ta a kan sabon fenti. Ki duba ƙarƙashin ƙarfe goma sha biyu, za ki ga 'yar ƙugiyar jirgin ruwa, tambarin Rado. A masu wana kansu tana juyawa idan aka karkata agogon. Idan kuma kin ga an rubuta T SWISS T ko makamancinsa a ƙasan fuska, yana nufin sinadarin da ke sa hannaye haske da dare tiritiyom ne, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya duk bayan kimanin shekara 12. Rashin haskensa yanzu daidai ne. Wanda ya kai waɗannan shekaru yana haskawa tangararan har asuba, shi ne abin tuhuma.

Gogewa ma tana da illa, musamman ga mai ruwan zinariya, domin rufin siriri ne, injin gogewa zai cinye shi farin ƙarfe ya bayyana. Tunda kuma kayan gado ne, a duba murfin ciki da waje: 750 na nufin zinariya mai karat 18, 585 mai karat 14, in kuwa an rubuta adadin maikiron, wato ma'aunin kaurin rufin zinariyar, to shafe ne kawai. A tantance wannan kafin rabo, don kada a shiga haƙƙin wani magaji, kuma idan namiji ne zai ɗaura, a ji ta bakin malamai.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani malamin makaranta a Kumasi: "An rubuta a bayan tsohon agogona cewa ruwa ba ya shigarsa, an kuma rubuta yana da duwatsu 21. Zan iya alwala da shi? Duwatsun suna da tsada?"

Malam, cire shi kafin alwala, kowane lokaci. Rubutun gaskiya ne a ranar da agogon ya bar masana'anta, amma robobin da ke hana ruwa shiga sun yi shekara da shekaru suna shan zafi da gumi. In ka taɓa ganin hazo a cikin gilashi, ka kai shi wurin mai gyara a ranar, kafin tsatsa ta kama. Duwatsun kuwa yakutu ne na haɗi da ake yi a masana'anta, an dasa su ne a inda ƙarafa ke gogar juna don rage ci, ba su da wani kuɗi in an ciro su. Kada ka ajiye agogon kan lasifika ko jikin waya, maganaɗisu na sa shi gudu. Ka guji canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin da haƙoran da ke juya kwanan suke a sarƙe. Idan yana ƙara ko rage rabin minti a yini, lafiyarsa ƙalau, sai ka riƙa daidaita shi duk ranar Juma'a.