Tambaya da Amsa: Ina Zan Fita Yawo da Karena a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Ojo, kusa da Alaba Rago. Ina da karen gadi da ke wuni a ɗaure, har ya fara zafin rai. Ni kuma an ce in riƙa tafiyar ƙafa saboda hawan jini. Ko akwai wuri a bakin teku da za mu taka tare ba tare da na takura wa kowa ba? Wani ya ce in gwada gandun Lekki.
Daga wani mai karatu, Ojo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Karen da ke wuni a sarƙa dole ya yi fushi, don haka tunaninka ya yi daidai.

Lekki dai ka bar shi. An kafa gandun a 1990 don kare namun daji, faɗinsa hekta 78, cike yake da birai, ga hanyar katako siririya. Kare ya hango biri a nan, rigima ce. In kana son hawa gadar saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, je ka da iyali, karen ya zauna gida.

Kai da ke Ojo, Badagry ce taka, tunda titin ya bi ta ƙofarka. Daga bakin ruwan garin ake shiga kwalekwale a tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, sai a bi hanyar rairayi har bakin Tekun Atlantika, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Ka fara shiryawa da mai jirgin, domin ba kowane fasinja ne zai yarda ya zauna kusa da kare ba, kuma yana da gaskiyarsa. In da hali, ɗauki shatar jirgin kai kaɗai. Ka kuma tuna cewa ta wannan hanya aka kora bayi zuwa jiragen Turawa, rijiyar da aka shayar da su tana nan a gefen hanya. Wurin juyayi ne, kada igiya ta bar hannunka.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake huce jiki, iskar Legas kuwa mai laima ce, hakin ba ya yi masa aiki sosai. Ku fita bayan asuba, ku juyo kafin ƙarfe 10. Ɗora bayan hannunka a kan rairayi. In ka kasa jurewa, to tafin ƙafarsa ma ƙonewa zai yi. Idan ka ga harshe ya zazzago, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa nan take, ka jiƙa masa ciki da ƙafafu, ka nemi likitan dabbobi.

Tafi da ruwan sha da kwanonsa na daban. Ruwan teku yana sa shi amai da gudawa, igiyar ruwan wannan gaɓar kuma tana jan ƙato balle kare. Ka tabbata an yi masa allurar ciwon haukar kare ta bana, ka riƙe katin a aljihu. Da kun dawo, duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu, nan kaska ke maƙalewa.

Kafin Badagry, ku yi mako biyu kuna zaga unguwa da sassafe, nesa da masallaci da 'yan makaranta, har ya saba da tafiya a gefenka. Kai ma ka sha maganinka kafin ka fita.