Tambaya da Amsa: Ina sirrin busar Little Walter?

Tambaya: Na saurari "Juke" na Little Walter har na sayi harmonika, amma sautin tawa siriri ne, tasa kuwa tana ruri kamar kakaki. Wane ne shi, kuma me nake yi ba daidai ba? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, sunansa na yanka Marion Walter Jacobs, haifaffen Marksville a jihar Luwiziyana ta Amurka. Tun yana yaro ya bar gida, yana busa a bakin titi har ya kai Shikago, inda ya shiga ƙungiyar Muddy Waters, shahararren mawaƙin blues, wato wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka. A 1952 kamfanin faifai na Checker, reshen kamfanin Chess, ya fitar da "Juke", busa zalla ba rera waƙa, ta yi mako 8 a saman jerin waƙoƙin R&B (kiɗan baƙaƙen Amurka) da suka fi tashe na mujallar Billboard. A 1955 ya sake hawa saman da "My Babe" wadda Willie Dixon ya rubuta, a nan kuwa da muryarsa. Ya rasu a Fabrairun 1968 bayan wani faɗa a Shikago.

Yanzu ga harmonikarka. Duba harafin da ke jikinta, shi ke nuna sautin da aka gina ta a kai. "Juke" tana kan sautin E, amma da harmonika mai alamar A ake busa ta, domin a wannan salon tushen waƙar yana rami na 2, kuma jan iska ake yi, ba hurawa ba. Yawancin masu koyo hurawa suke ta yi, shi ya sa ba sa jin blues ɗin.

Kowane rami cikin ramuka goma na harmonika yana da harsunan tagulla biyu masu fitar da sauti, ɗaya na hurawa, ɗaya na ja. Idan kana jan iska ka sauke bayan harshenka, kamar mai tashi daga "ii" zuwa "uu", sautin zai lanƙwasa ƙasa. Rami na 4 yana sauka rabin matakin sauti, na 2 mataki guda, na 3 mataki ɗaya da rabi. Kada ka matsa wa rami na 5: sautin harsunansa biyu ya yi kusa da juna, ba zai sauka ko rabin mataki ba, sai dai tagullar ta gaji ta daina fitar da sauti daidai. Ƙarfi ba ya lanƙwasa komai, wurin zaman harshe ne ke yi.

Rurin kuwa daga hannu yake fitowa. Walter yakan haɗa harmonika da ƙaramin makirfo cikin tafukansa biyu, ya rufe ruf, ya ƙure amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, har sautin ya yi kauri da kaushi. Ko 'yar kafa ka bari tsakanin yatsu, sautin ya sirance. In lasifika ta fara ƙara mai huda kunne, ka tsaya a gefenta maimakon gabanta, ka rage sauti mai kaifi.

In taka mai katako ce a ciki, irin Hohner Marine Band, kada ka jiƙa ta da ruwa, katakon zai kumbura ya yanke maka leɓe. Kuskure baki kafin ka fara, in ka gama ka bubbuga ta a tafin hannu yawu ya fita.