Kin Tambaye Ni Ko Ishara Ce

Kishiyata, saƙonki ya iso, na sa an karanta mini har sau biyu. Na yi dariya da farko, amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba. Kin ce yaron da ke neman ki takwaran marigayi babanki ne, kuma kin gani a Facebook cewa ranar haihuwarsa ta faɗo daidai da kwanan watan da babanki ya rasu. Kina tambaya ko a al'adarmu wannan ishara ce, ko Allah ne ya maido miki da uba ta wata ƙofa.

Abin da ya ba ni dariya, da a zamaninmu ne, wannan miji ya zame miki aiki, don sunan ya haramta a bakinki ta fuska biyu, ga na uba ga na miji. Ni har yau ban taɓa kama sunan babanki ba, ɗan fari ne. Ku kuwa yanzu miji sai a ƙwala masa kira daga tsakar gida kamar yaron aike.

Mu ma muna kula da rana, kada ki ce ba ma yi. Ina Jummai da Ɗanjuma suka samo suna? Ina Lami, ina Balarabe, ina Azumi da Sallau? Wanda ya biyo 'yan biyu Gambo, namijin da ya biyo mata Tanko. Amma waɗannan sunaye labarin abin da ya riga ya faru suke bayarwa. Ba mu ɗora musu sanin gobe ba.

Bari in ba ki labarin haihuwar babanki. Ina gidanmu a Kano goyon ciki, sanyi bai gama tafiya ba. Naƙuda ta kama ni tun asuba ranar wata Juma'a. Ina durƙushe a ɗakin Inna, ungozoma na riƙe da ni, sai na ji rediyon da ke zaure ya bar komai ya koma badujala. Maza suka yi cirko-cirko a ƙofar gida, ba mai ɗaga murya. Ana dawowa daga masallaci yaron ya faɗo, kafin dare kuma labari ya gama gari cewa an harbe Janar Murtala cikin motarsa a Legas. Daga baya na san 13 ga Fabrairu 1976 ce. A lokacin abin da muka sani shi ne Juma'a ce, watan Safar.

Mata suka cika ɗaki 'yan barka, kowa da jajayen idanu, don Janar ɗan Kano ne kuma nan aka kawo gawarsa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta karɓi jaririn, ta buɗe zanen ta dube shi, ta ce: "Wani ya fita wani ya shigo. Wannan magajinsa ne, Allah dai ya sa kada ya gaji kwanansa." Har yau ina jin muryarta. Ina riƙe da ƙoƙon kunun kanwa, na ajiye ban ƙara kurɓa ba.

Maganar ta kai kunnen Malam, mahaifina. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya ce ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi da kansa, yana cikin baƙin cikin ɗansa, ya ce musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Malam ya ce in rana ba ta kama don ɗan Annabi ba, wace ce Juma'a da za ta yanke wa jikansa kwana? Inna kuma ta ƙara da nata: "Kama da wane ba ta wane."

Na ji, amma zuciyata ba ta saki ba. Ranar suna dangin uba suka raɗa masa sunan kakansa, unguwa kuwa Murtala take kiransa. Da ya girma ya ce zai shiga soja, na yi ta kuka har ya haƙura, ban kuma taɓa gaya masa dalili ba. Janar yana da shekara 37 aka kashe shi. Shekarar 2013 da babanki ya kai 37, duk tafiyar da zai yi sai na tashi tsakar dare ina salla, waya in ta yi ƙara gabana ya faɗi. Shekarar ta wuce lafiya lau. Da ajali ya zo, ranar Talata ya zo, a kan gadonsa, da ciwon da kowa ke yi. Abin da ke ci mini rai shi ne sojan nan da na hana shi, yana so.

Ban ce ki rufe ido ga abu mai daɗi ba. Malam ya sha faɗa mana cewa a Hudaibiyya, da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu, Annabi ya ce wa sahabbai al'amarinku ya sauƙaƙa, saboda ma'anar sunan. Kyakkyawan fata halal ne, camfi ne aka hana. In sunan ya sanyaya miki zuciya, ki gode wa Allah. Ni ma da na ji, hawaye sun zo mini.

Kwanan watan kuwa na Bature ne kika duba. Namu yana ja baya da kwana 11 kowace shekara, in kika lissafa da shi ranakun biyu sun rabu. Kuma masu sunan nan a layinku kaɗai nawa ne?

Duk tsawon saƙonki ba ki gaya mini sana'arsa ba, ba ki ce ga gidan da ya fito ba, ko yadda yake magana da mahaifiyarsa. Inna takan ce suna linzami ne, hali kuwa zanen dutse. Ki yi istihara. Zan sa kawunki ya bincika unguwarsu bayan Salla. Shi kuma ki ce ya zo ya gaishe ni, ya zo da rana, idona ba ya gani sosai da dare.