Ruwa na wanke min gona, ta ina zan tare shi?

Tambaya: Gonata a gangare take. Duk ruwa mai ƙarfi sai ya tafi da taki, har kwazazzabo ya fara cin gindin gonar. Na jibga buhunan yashi a wurin, amma abin sai ƙaruwa yake.

Malam, ka tari ruwan ne a inda ya riga ya yi ƙarfi. Koma can saman gonar ka fara, tun bai haɗu ya samu gudu ba. Ka haƙa ramuka masu siffar rabin wata, faɗin kowanne mita 2 zuwa 4, bakinsu na kallon tudu. Ƙasar da ka tono ka tara ta a gefen gangare ta zama ganuwa, ka daddanne ta sosai. Layi na biyu kada ya zauna daidai bayan na farko. Ka sa shi a saitin giɓin da ke tsakaninsu, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Inda kwararar ta fi yawa, bar ƴar mafita ka shimfiɗa mata duwatsu, don ganuwar da ba ta da mafita rana ɗaya za ta ɓalle, ɓarnar kuma ta fi ta da. In ka samu jema ko gamba ka dasa a kai, saiwarsu za ta riƙe ƙasar. Aikin rani ne wannan, ba na ranar da hadari ya haɗo ba.

Tambaya: Tawa fako ce, ko ciyawa ba ta fitowa. Akwai dabara?

Akwai. Manoman Burkina Faso suna kiranta zai, a Nijar kuma tassa, kuma da ita marigayi Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso, ya farfaɗo da ƙasar da aka yanke wa ƙauna. Rami ne ƙarami, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar 15, da tazarar taku guda tsakanin rami da rami. Zuba tafi biyu na ruɓaɓɓen takin gargajiya a ciki. Gara za ta biyo takin, kada ka kashe ta, domin hanyoyin da take hudawa su ne ke shigar da ruwa cikin ƙasa.

Tambaya: Ƙasar laka fa?

Nan sai a yi hattara. In ruwa na kwana biyu bai tsotse ba, saiwa za ta ruɓe. Gara ka yi kunya a gicciyen gangaren, ka riƙa datse kwarin da ƙasa duk bayan mita 2, datsin bai kai tsayin kunyar ba. In damina ta yi nauyi, sai ka buɗe shi da fartanya.